Yadda Cleto Mai Aski Ya Rage wa Tsawa Murya

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar askin Anacleto, a unguwarmu ta bakin ruwa a Cametá, ya san aiki biyu ake yi masa a zama ɗaya: a rage masa gashi, a cika masa kunne. Cleto, kamar yadda kowa ke kiransa, bai taɓa jin labarin wani abu a duniya ba face ya riga ya yi irinsa, kuma nasa ya fi. In an ce wane ya kama kifi mai tsawon mutum, to Cleto ya taɓa sakin wanda ya fi shi don tausayi. A samartakarsa ya yi aikin goge-goge a wani jirgin ruwa mai zuwa Manaus, kuma da yake ɗakin mai rediyon jirgin na cikin wuraren da yake sharewa, tun daga nan ya naɗa wa kansa rawanin injiniyan lantarki.

Abu ɗaya da ba a yi masa musu a kai shi ne jita. In ya kama kiɗan rawar lambada, tsohuwa mai ciwon gwiwa sai ta manta da sandarta. Shi ya sa duk shekara shi ke kiɗa a bikin waliyyi São João na unguwa, da wata tsohuwar rediyo da yake jona jitar a jikinta.

Ana cikin haka sai Juvenal, ƙanen matarsa Zuleide, wanda shi ma yana ɗan taɓa jita, ya dawo daga Belém da amfilifaya na kanti, wato akwatin ƙara sautin jita, ɗan baƙi mai hannu a sama kamar akwatin ɗan makaranta. Bai zame ko'ina ba sai shagon aski da ke jikin gidan Cleto. Ya jona, ya kaɗa, masu jiran layi suka shiga jinjina kai.

"Yaya Cleto, ka ji murya?" in ji Juvenal. "Bana sai dai ka riƙe mini waya."

Cleto ya dubi akwatin ta gefen ido, yana wasa aska. Ya ce abin bai yi laifi ba in jariri za a lallasa. Ya ce na zamani duk kukan gwangwani suke yi, murya ta gaskiya tana wurin irin na da, mai kwalabe, waɗannan 'yan kwalaben gilashi da ke yin ja a cikin tsofaffin rediyo in sun ɗau zafi. Ya ce shi da hannunsa zai ƙera wanda in ya kaɗa a nan, mutanen tsallaken kogi za su tashi su yi rawa.

"Kogin nan fa da faɗi, Yaya."

"Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Je ka shayar da jaririnka."

Tsohon gidan siliman garin ya daɗe da rufewa, jemagu ne kawai ke kallo a ciki. Cleto ya lallaɓi mai gadin da alkawarin aski kyauta, ya fito da gawar na'urar sautin siliman: manyan kwalabe huɗu kamar na giya, da taransifoma mai nauyin maƙera. Ya samo lasifikoki biyu daga wata motar talla da ta mutu. Akwatin kuwa, da katakon tsohon kwalekwale ya haɗa shi, ya fito ya kai masa ƙirji. Gida ya cika da warin dalma. Wata rana bayan ya cire wuta ya sa yatsa inda bai kamata ba, abin ya yi jifa da shi har cikin kwandon wanki. Ya tashi gashi a tsaye, ya shaida wa Zuleide cewa haka injiniyoyi ke auna wuta.

Ta ce, "To in ka gama awon, ka fito mini daga cikin zannuwa."

Ya raɗa wa abin suna Tsawa, ya rubuta da jan fenti a goshinsa.

Ranar gwaji Asabar ce da hantsi, shago cike. A kan kujera akwai Seu Hermógenes, mai yin gwanjon coci, mutumin da duk garin aka san shi da gashin baki mai murɗaɗɗen ƙarshe, wanda yake shafa wa mai kamar doki. Cleto ya shafe masa fuska da kumfa, ya bar shi, ya je ya jona Tsawa, ya murɗe kowane maɓalli har ƙarshe, ya kaɗa jita. Shiru. Ya sake kaɗawa. Ko tari abin bai yi ba.

Juvenal ya kara hannu a kunne ya ce shi kam yana jin mutanen tsallake sun fara rawa. Shago ya ɗauki dariya. Cleto ya ce jahilci ne ke damunsu, kwalba ba karen farauta ba ce, sai ta ɗumama take magana. Ya jingine jitar a jikin lasifika, ya koma kan Seu Hermógenes, ya ɗaga masa hanci da yatsa biyu, ya kawo aska daidai leɓe.

A nan kwalaben suka gama ɗumama.

Da farko wani ɗan gurnani ne daga ƙasa, kamar jirgi na tahowa daga nesa. Kafin kowa ya waiwaya ya zama kuka, kukan ya zama ihu, ihun ya zama abin da babu sunansa. Madubi ya faɗo. Kwalaben turare suka yi ta tsalle daga kan kanta ɗaya bayan ɗaya. Masu jiran layi suka haɗu a bakin ƙofa suka cushe. Da Juvenal ya samu ya fizge wayar daga bango, aka duba, rabin gashin bakin Seu Hermógenes na kwance a kan tawul, ɗaya rabin na nan a fuskarsa yana jiran ɗan'uwansa.

Seu Hermógenes ya ɗauki ɓallin madubi daga ƙasa ya duba kansa, ya daɗe yana dubawa. Cleto ya ce masa a Manaus yanzu haka manyan mutane ke yayi. Mutumin ya rufe baki da hula ya fita.

Kafin ƙura ta lafa unguwa ta hallara. Mai kifi ya ce ya ɗauka tukunyar injin niƙa ce ta fashe. Wata ta ce ɗanta ya shige ƙarƙashin gado ya ƙi fitowa. Mutum ɗaya ne ya zo da fara'a, tsoho Seu Nicanor, wanda kunnensa ya mutu tun zamanin da ake sayar da roba da daraja. Ya riƙe hannun Cleto da hannu biyu ya ce ya ji wani ɗan sauti mai daɗi, kamar tsuntsu, a ƙara masa.

Sai ga Dona Filomena. Gidanta da na su Cleto katako ɗaya ya raba, in an yi atishawa a nan sai a ce lafiya a can. Ita ce kuma shugabar kwamitin bikin São João, matar da Fadan coci kansa ba ya sa ranar komai sai ya tambaye ta. Ta zo riƙe da kaza a hammata, kazar ta sandare ido buɗe.

"Anacleto," in ji ta, kuma in ta kira cikakken sunan mutum to ya shiga uku, "bana mata za su yi waƙar waliyyi a fili kafin rawa, kuma mai jita zai raka su a hankali. A hankali na ce. In wannan dodon naka bai koyi ladabi ba kafin ranar, Juvenal zai yi kiɗan, daga waƙar har rawar."

"Dona Filomena, ai ƙarfi ba laifi ba ne."

"A wurin jaki ba."

Da dare bai yi ba Zuleide ta ƙara nata. Ita kunun masara da madarar kwakwa take sayarwa a ƙofar gida, kuma ranar ko mutum ɗaya bai tsaya ba, kowa ta ɗaya gefen titi yake bi. Ta ce ko dai Tsawa ya rage murya, ko shi da Tsawa su koma kwana a kwalekwale.

Juvenal ya ce abin ai ba wuya, a murɗa maɓalli baya. Cleto ya yi masa kallon tausayi. Gaskiyar magana ita ce maɓallin da ya haɗa matsayi biyu kawai ya sani, shiru da tashin ƙiyama, kuma ɗan tsakanin da ke akwai kukan sauro ne a cikin gwangwani. Amma abin da ya faɗa wa mutane shi ne zumar kwalba ba ta fita sai an ƙure ta, don haka ba maɓalli za a taɓa ba, ƙarfin ne za a rage ta hanyar ilmi. Ya ce wanda ya haƙa rijiya shi ya san zurfinta, su ba shi wuri.

Ilmin farko shi ne a toshe masa baki. Ya jira Zuleide ta tafi kasuwa, ya tura Tsawa cikin kabad ɗin kayanta, ya cusa ragar kwanciya biyu da filo a gaban lasifika, ya ja ƙofa ya rufe. Ya kaɗa. Wallahi sauti ya ragu, ya fito a daƙushe kamar ana kiɗa a gidan maƙwabta. Daɗi ya kama shi, ya rufe ido ya yi ta zuba waƙa bayan waƙa, har ya fara jin wani ƙamshi kamar ana gasa masara. Ya ce a ransa ko Dona Filomena ce ta huce take shirya masa tukuici. Da ya buɗe ido, hayaƙi ke fita ta ƙarƙashin ƙofar kabad. Farar rigar da Zuleide ta ɗinka don bikin ta sami tambarin kwalabe huɗu a baya, a jere, launin gasasshen burodi.

Ya ce mata in ta yafa gyale ba mai gani. Ta ce shi ma in ya kwana a shago ba mai gani. A kujerar aski ya kwana.

Ilmi na biyu shi ne a cire masa haƙora. Cleto ya bayyana wa masu zuwa aski, waɗanda yanzu ba sa zama sai sun ga wayar Tsawa a naɗe a kan ƙusa, cewa lissafi ne mai sauƙi: kwalba huɗu ƙarfi huɗu, a cire biyu saura rabi. Don ya nuna musu, ya kunna, ya bari suka yi ja, ya kashe, ya sa hannu tsirara ya cafki ta farko. Bai yi ihu ba, wannan kam a ba shi. Ya dai zagaye shagon yana taka wata irin rawa da ba a taɓa gani ba a Cametá, kwalbar na tsalle daga hannu zuwa hannu, har ta sami hanyar tagar Dona Filomena. Ya cire ta biyu da tawul. Sai dai ya ciro biyun da ke gefe ɗaya, Tsawa ya koma gurnani kamar saniya mai naƙuda, kuma ƙarar, in ta ragu, to Seu Nicanor ne kaɗai ya lura, don ya leƙo ya tambaya me ya sami tsuntsunsa.

Dona Filomena ta dawo da kwalbar a cikin ludayi. A tukunyar wakenta ta faɗa, ba ta ko tsage ba.

"Kin ga kaya na da," in ji Cleto, yatsunsa cikin kofin ruwa. "Na yanzu da tuni ya fashe."

"Ranar biki na matsowa, Anacleto."

Ilmi na uku shi ne a rage masa abinci. Tunda wuta yake ci, a rage wutar tun daga bango. Cleto ya kwance dutsen gugar Zuleide, ya kwaso wayoyi, ya hau kujera ya buɗe akwatin mita. Abin da ya manta shi ne gidajen layinmu duka a waya ɗaya suke rataye kamar shanyar kifi. Abin da ya ƙara mantawa shi ne Lahadi ce da la'asar, manyan kulob biyu na Belém na karawa, kuma duk namijin da ke layin yana gidan mai kanti a gaban talabijin. An ba da fanareti. Ɗan wasa ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, ya taho a guje. Cleto ya haɗa jan waya da baƙa.

Wuta ta ɗauke a duk layin. Ba wanda ya tambaya ko wane ne. Kai tsaye gidansa aka nufo, magoya bayan kulob biyu da ba sa ga maciji da juna, ranar kafaɗa da kafaɗa. Suka same shi a kan kujera, gira a ƙone, filaya a hannu. Ya ce musu shi ma yanzu yake dubawa ya ga abin da ya faru. Mai kifi ya tambaye shi ko ƙwallon ta shiga. Cleto ya ce a ganinsa, bisa yadda ɗan wasan ya saba, ta shiga. Rabin taron ya ji daɗi, ɗaya rabin ya so ya dake shi, gardama ta kaure a tsakaninsu, shi kuma ya sulale ta bayan gida.

Kowa ya ɗauka an gama. Juvenal har ya fara zuwa gidan Dona Filomena yana gwada waƙar da mata. Zuleide ta tausaya wa mijinta, ta ce ya haƙura ya koma wa tsohuwar rediyonsa, ba wanda zai zage shi. Cleto ya ce zaki ba ya komawa cin ciyawa.

To, ko makaho wata rana yakan tsinci kuɗi. Yana ɗumama ruwan aski da 'yar hitarsa, irin wadda ake tsomawa a kofi, sai ya tsaya yana kallonta. Ga abu mai shan wuta ya mai da ita zafi, ba ya ko tari. Ya yanke mata kai, ya jona ta tsakanin Tsawa da lasifika yadda mafi yawan ƙarfin zai bi ta cikinta, ɗan abin da ya rage ya wuce gaba. Ya mai da kwalabe huɗu mazauninsu, ya tsoma hitar a bokitin ruwa, ya murɗe komai har ƙarshe, ya rufe ido ɗaya, ya kaɗa.

Abin ya yi. Sautin ya fito a hankali, mai kauri, mai zaƙi, kamar ana zuba zuma a faranti. Zuleide ta leƙo daga madafa da muciya a hannu ta tsaya. Dona Filomena ta buga katako daga can ta tambaya ko wace tasha ce wannan. Ta zo da kanta, ta saurara har waƙa ta ƙare, ta taɓa ruwan bokitin ta ji ya yi ɗumi, ta ce ita ba ta gane ba amma ta yarda. Kiɗan biki na Cleto ne.

Da a ce ya tsaya nan, da yau wani labarin ake ba ku.

Amma kafin rana ta faɗi duk Cametá ta ji cewa Cleto ya ƙirƙiro abin da injiniyoyin São Paulo suka kasa. Washegari labarin ya zama cewa Tsawa na kiɗa yana dafa ruwa. Kwana kaɗan ya zama yana iya dafa abincin gida guda in waƙar ta yi tsawo. Juvenal ya ce shi bai ga abin da ya wuce ruwan wanke jariri ba. Cleto ya ce ya jira ranar biki, zai ci abin da jita ta dafa da bakinsa.

Ranar São João aka ƙawata filin gaban coci da 'yan tutoci, daga nan har gangaren da ake sauke kaya zuwa kogi. Tsawa ba ya ɗaukuwa, a amalanke aka turo shi, aka bar shi a kai, aka sa dutse a ƙarƙashin taya. Kusa da shi rumfar Zuleide, da babbar tukunyar kunun da za ta sayar, wanda ta tashi tun da asuba ta dama. A ɗaya gefen kayan gwanjon da mutane suka ba coci: kaji, agwagi, kek, da wani ƙaton alade da mai kanti ya bayar. Seu Hermógenes, wanda ya aske ɗaya rabin ya koma kamar yaron da aka tsufar da shi, ya nemi inda zai ɗaure aladen bai ga abin da ya kai amalanken nauyi ba. Ya ɗaure shi a nan. Cleto bai gani ba, yana can yana yi wa mutanen ƙauye bayanin kwalabe.

Zuleide ta tafi raka mutum-mutumin waliyyi zagayen gari tare da sauran mata, gyale a kafaɗa duk da zafin rana. Cleto ya dubi bokitin ruwansa, ya dubi tukunyar kunu da ta fara hucewa, ya dubi Juvenal da ke zaune a kan ɗan akwatinsa yana murmushi. Ya zare hitar daga bokiti, ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya sanar da cewa yau mutanen Cametá za su sha kunun da lambada ta ɗumama. Ya tsoma ta cikin tukunya, ya kama kiɗa.

Mutane suka yi layi. Ko kunun ya ƙara zafi ko bai ƙara ba, Allah masani, amma kowa ya rantse ya ji bambanci. Cleto da kansa yake zubawa tsakanin waƙa da waƙa. Mai kifi ne ya fara tsayawa, ya sa yatsa a baki ya zaro wani abu ya ɗaga wa rana. Wata mata ma ta zaro. Hitar nan shekara da shekaru tana cikin kofin aski, ba a taɓa wanke ta ba, kuma duk gemun da aka aske a unguwar ya bar mata abin tunawa.

"Cleto, wannan fa?" in ji mai kifi.

"Zaren kwakwa ne."

"Kwakwa mai furfura?"

Kafin a warware wannan sai ga masu zagaye sun dawo. Aka ajiye waliyyi a kan tebur, mata suka jeru, Dona Filomena a gaba. Fada ya zo ya tsaya daidai gaban Tsawa, don nan ne inuwa take, ya sunkuyar da kai. Fili ya yi tsit. Dona Filomena ta ɗaga wa Cleto gira, ya shiga a hankali, mata suka bi. Kai, abin ya yi kyau. Har Juvenal ya daina murmushi. Cleto ya lumshe ido, yana jin yadda za a riƙa ba da labarin yau.

Ita kuwa Zuleide ba ta shiga layin waƙa ba, ta zagaya ta duba tukunyarta. Mai kifi ya miƙa mata kofinsa. Ta duba kofin. Ta ga waya ta tsallaka bakin tukunya ta nutse. Ta sa muciya ta ɗago, ta gane hitar da take hana shi ko ajiyewa kusa da kwanukanta. Ba ta yi magana ba don ana addu'a. Ta naɗe wayar a hannu, ta fizge ta gaba ɗaya.

Duk ƙarfin da ke bi ta cikin kunu ya rasa hanya, ya koma lasifika, daidai lokacin da Cleto ya sauke hannu a kan wayoyi shida.

Waɗanda ke wurin har yau ba su daidaita kan abin da ya fara tashi ba, hular Fada ko Fada. Mata suka watse da waƙa a baki. Kaji suka tsinke igiya, agwagi suka bi ta kan kek. Seu Hermógenes ya dafe leɓensa da hannu biyu, ko da yake babu sauran abin da za a ɗauka. Aladen kuwa, da kunnensa ke dab da lasifika, ya yi wani tsalle da ba a san alade da shi ba, taya ta haye dutse, ya nufi gangare da amalanke a bayansa.

Wayar wuta ta fizge daga bangon coci, ƙarar ta mutu. Amma wayar jita, wadda Cleto ya ɗaure da kyau don kada ta zame a tsakiyar waƙa, ba ta fizge ba. Sai ga alade a gaba, Tsawa a tsakiya, Cleto a baya jita a wuya, yana gudu yana roƙon a tare. Ba wanda ya tare. Hanya aka buɗe musu kamar ta gwamna. A tsakiyar gangare amalanken ya fi aladen sauri, igiya ta tsinke, alade ya yi gefe ya shige kasuwa. Tsawa ya ci gaba shi kaɗai da mai shi, ya kai ƙarshen katako, ya ɗan tsaya kamar mai tunani, ya tuntsura. Kwalabe masu zafi suka haɗu da ruwan kogin Tocantins, aka ji tas, tas, tururi ya tashi, sai kumfa.

Ruwan wurin iya ƙugu ne, sauran duk laka. Cleto ya miƙe a hankali, jita a ɗage sama da kai, ganyen ruwa a kafaɗa. Duk garin na tsaye a bakin gangare ana kallonsa, Fada a gaba yana girgiza yatsa a cikin kunne. Mai kifi ne ya fara dariya, daga nan kuma ta kama har da mata masu waƙa, har Dona Filomena ta zauna a kan buhun gari tana share hawaye.

Zuleide ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta sa aka sauko da tukunyar har bakin ruwa, ta miƙa masa ludayi, ta ce tunda jita ce ta dafa, mai jita zai shanye, in ya so ya ɗauki mako. Juvenal ya miƙa masa hannu ya jawo shi, yana cewa Yaya ya yi haƙuri, ruwa ba ya tsami banza.

Cleto ya hau tudu, laka na zuba daga wandonsa. Ya tsaya ya kalli masu kama kaji, ya kalli inda Tsawa ya nutse. Dona Filomena ta ce Juvenal ya jona nasa a ci gaba da biki, rana na tafiya. Juvenal ya jona, ya gwada waya ɗaya, ɗan akwatin ya amsa da muryarsa madaidaiciya.

Cleto ya karkata kai ya saurara, ya matse fuska irin ta masana. Ya matso kusa, ya tsuguna, ya ƙwanƙwasa bayan akwatin da ɗan yatsansa mai bandeji.

"Akwai ɗan zaƙi," in ji shi, "amma ba shi da jiki. Gobe ka kawo mini shi shago in buɗe, aikin minti kaɗan ne."

Juvenal ya ja akwatin ya zauna a kansa, a haka ya yi kiɗan waƙar mata, a haka ya yi na rawa har aka tashi. Ko da fitsari ya matse shi a tsakiyar biki, da akwatin a hannu ya zagaya bayan coci.